Shekarar da Na Hau Tsanin Rumbu

Bana ma zafi ya zo da fuskar da na san shi da ita. Tun hantsi ƙasa ke gasa tafin ƙafa, kaji sun saki baki a gindin randa, da la'asar hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, mu ɗaga kai, ya watse bai bar mana ko ɗigo ba. Shekaranjiya ɗiyata Biba ta zo daga wajen Damana inda take aure, ta zauna a tabarmata da salula a hannu tana murmushi ita kaɗai. Mijinta yana cin rani a Kurmi, can ƙasashen kudu, wai kullum sai ya kira ta. Na ce, me yake cewa haka kullum?

Ta ce, "Ba komi, Inna. Shi tambayi zahi, shi tambayi lambu, shi ce can ana ta ruwa."

Irin wannan hira na sha ta har ta gundure ni, shekarar Korona.

Gidanmu yana wani ƙauye arewa da Filinge, a bakin fadama. A lokacin manyan gidan mu uku ne: ni, da maigidana, da uwarsa da muke kira Iya, tsohuwar da ido ya soma bari amma harshe yana nan da kaifinsa. Sai Biba da ƙannenta. Muna salla muna azumi kamar kowa, amma gidan Kurfayawa ne na asali, akwai abubuwan gado da ba a tambayar dalilinsu. Babba a cikinsu shi ne rumbun laka da ke bayan ɗakin Iya.

Bayan girbi mu mata mu sussuke hatsi mu sheƙe, mu ware zangarniya mafi cika don iri, mu cuɗa tsabarta da toka saboda ƙwari. Nan aikinmu yake tsayawa. Ranar zubawa a rumbu sai a kwashe mu duka a tura lambu, har Iya, mu yini can. Maigida shi zai zuba, ya liƙe bakin da laka, ya kifa jinka, ya ɗauke tsani ya jingine a rumfa. Ba a sake taɓawa sai ya dawo daga cin rani dab da damina, ranar ma lambu ake tura mu. Matar da aka auro ba ta leƙa ciki. Iya ta shigo gidan da ƙuruciyarta, ta tsufa a ciki, ba ta taɓa ganin cikin rumbun nan ba, kuma da alfahari take faɗa. A nan ake ajiye abincin da za a ci lokacin noma, a nan kuma irin gida yake, hatsin da take cewa kakannin mijinta suka zo da shi, ba a taɓa gauraya shi da na kasuwa ba. Abin da za mu ci da rani kuwa, maigida ke auna mini ya bari a ɗaki, in haɗa da abin da lambu ya bayar.

Ni da Iya ba mu da faɗa sai a kan fura. Ta kurɓa, ta juya harshe, ta ajiye ludayi.

"Hatsin gidan ga zaƙi gare shi awa an sa zuma. Tun da tsoho, uban mijinki, yar rasu kinka saki hannu, don kin san ba mai tsawata miki."

Na sake turmi, na sake wanki, na ƙara daka har kafaɗa ta yi tsami, a banza. Shekara da shekaru sunana mai ɓata fura. Tun ina kuka a bayan ɗaki har na koma ina ce mata, "To Iya, gobe ke za ki daka."

Shekarar nan maigida ya tafi Kumasi bayan girbi kamar kullum, yana dako a kasuwa tare da 'yan garinmu. Sanyi ya wuce lafiya. Zafi na shigowa sai rediyo ya fara maganar wata cuta, kafin mu gane sunanta an ce an rufe iyaka, an rufe hanyar Yamai, an hana taro, har masallaci. Mu a ƙauye ba mu ga cutar da ido ba. Abin da muka gani shi ne motar da ke zuwa kwasar kayan lambu ta daina zuwa. Tumatirina ya nuna gaba ɗaya ba mai saye. Na yanka na shanya har rufin rumfa ya yi ja, saura ya ruɓe a kwando, awaki ma suka ƙoshi suka juya masa baya. Rijiyar lambu tana ta sauka, kowane mako sai na ƙulla wa igiya wani tsumma. Ni da Biba muke ja, tafin hannunmu ya fashe ya warke ya sake fashewa.

A haka azumi ya same mu. Wanda bai yi azumi a ƙasarmu ta Kurfai cikin tsakiyar bazara ba bai san ƙishirwa ba. Mu yi ban ruwa da sassafe, kafin azahar ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba, yakuwa ta sunkuyar da kai, mu ma haka. Mu jiƙa zane mu lulluɓa, kafin a juya ya bushe. Iya ta kwanta a ƙasar ɗaki inda aka yayyafa ruwa, tana lissafa shekarun yunwar da ta gani tana yarinya, tana cewa mu ba mu ga komai ba.

To a cikin wannan ne maigida ke kira. Rezo, wato layin salula, ba ya shiga gidanmu sai a kan tudun bayan lambu, can nake hawa cikin rana in tsaya.

"Ina zahi?"

"Zahi da godiya."

"An ga hadari?"

"Ana gani, ba ya tsayawa."

"Ƙaƙa lambu?"

Daga nan sai ya buɗe nasa labari. An kulle su a gida ɗaya su da yawa, ba kasuwa, ba fita. Wai don kada jiki ya mutu yana zagaya tsakar gida da safe har ya yi gumi, yana ɗaga bido, wato jarka, cike da ruwa sama da ƙasa, wani ɗan Zabarma yana yi musu ƙirga kamar soja. Na ce in jiki yake so ya motsa, ga guga nan yana jiransa. Ya yi dariya. Wai ya shuka tumatir da barkono a gwangwanayen fenti, ya jera a gindin katanga. Mutumin da ya bar mini tumatir yana ruɓewa kwando-kwando, shi ne yake ba ni labarin tumatir uku a gwangwani, yaushe suka tsiro, yaushe suka yi ganye na huɗu.

Wata rana ya ce, "Tsaya, ki ji wani abu." Sai na ji shaaa, da ƙarar kwano. Ya ɗaga salula ne zuwa rufi don in ji ruwan sama. Ina tsaye a kan tudu da azumi a bakina, leɓe ya tsage, rana na dukan tsakiyar kaina, ina sauraron ruwan Kumasi. Ba zan ɓoye ba, na lumshe ido na saurara har ya gama. A lokacin na ɗauka ƙauna ce.

Ana saura kwanaki salla na duba buhun ɗaki, ya kwanta. Abin da ya rage bai fi 'yan tiyoyi ba, kwanon awonmu ke nan. Na hau tudu na gaya masa.

"Hatsin ɗaki ya kusa ƙarewa. In ware kaɗan in aje, ko mu ci, tunda iri na rumbu?"

Can ya ce, "Hanya za a buɗe kahin ruwa, kowa haka shi ka cewa. Ke, kin san tumatirina ya yi hure?"

Bai ce in ajiye ba, bai ce in ci ba. Ni kuwa ga yara sun yi azumi da ganye, ga rumbu tsaye a bayan ɗaki da cikinsa ƙato, kullum ina wucewa ina kallonsa ina jin sanyi a rai. Na daka hatsin nan tas. Ranar salla aka yi tuwo, aka yi fura, yara suka ci suka yi gyatsa, Iya ta kurɓa ta ce ba zaƙi.

Bayan salla muka koma ga lambu kacokan. Rama da yakuwa, zogale da ɗan ƙuli, busasshen tumatir a ruwan zafi a kira shi miya. Muka share gona ni da yara, muka ƙone kara, muka jira. Hanya ba a buɗe ba. Kiran salula kuwa bai fasa ba: ina zafi, an ga hadari, ƙaƙa lambu, yau ya zagaya gida har ƙafarsa ta yi ciwo.

Ruwan ya zo da rana tsaka. Iska ta fara kwashe tumatirin da ke kan rumfa, sai tsawa, sai aka sake shi kamar da ƙwarya. Yara suka fita tsirara suna ihu. Ƙanshin ƙasa ya shiga har cikin ɗaki, Iya ta rarrafo bakin ƙofa ta tara hannu ta shafa a fuska. Da aka ɗauke na tona ƙasa da hannu, danshi ya wuce tsawon hannuna har gwiwar hannu. Ruwan shuka ne, ba gardama. A ƙasarmu ta yashi irin wannan danshi kwana uku yake yi, wanda bai zuba iri a ciki ba sai ya jira wani, kuma wanin ba shi da alkawari.

Washegari gari ya fashe zuwa gona. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Duk inda ka duba layi ne na mutane a sunkuye. Gonarmu kaɗai ce shiru. Na hau tudu da gudu.

"An yi ruwa! Ruwan shuka! Ka ba da izini a buɗe rumbu."

"Alhamdu lillahi. Ya yi yawa?"

"Ya yi. Rumbu ni ka magana."

"Kada ki taɓa. Kin san abin gidanmu. Ruwan hwari maƙaryaci na, wanda yas shuka yanzu shi sake shuka. Ki jira, an ce mako mai zuwa za a buɗe hanya."

Na ce ko ƙanen babansa da ke ƙauyen gaba a kira ya buɗe, tunda namiji ne na gidan. Ya ɗaga murya, abin da bai saba ba, ya ce ba wanda zai hau masa rumbu yana raye. Sai kuma ya sauke ya ce, "Nan ma jiya an kwana ana ruwa, har gwangwani guda yah hwaɗi."

Na sauko tudu ina kuka don haushi. Kwana na biyu na yini ina kallon maƙwabta suna dawowa da ƙoren iri a kife, ƙafafunsu duk laka, suna yi mini sannu irin ta gidan makoki. Mazansu ba sa haɗa ido da ni. A lokacin na ɗauka tausayi ne. Saman ƙasa ya fara yin fari.

Da safiyar kwana na uku Iya ta kira ni. Ta sa an jiƙa mata ɗan garin da ta ɓoye a ƙullin zane, ta dama farin gumba a ƙaramar ƙwarya. Ta ce in ɗauko tsani.

Na ce, "Iya, ɗanki ya hana."

Ta ce, "Ni na haihe shi. Tun da anka gina gidan ga ba a taɓa barin ruwan shuka ya wuce iri na kwance ba. Ni na tsuhwa, na bar sahun mata, masu gidan ba su ƙi na. Ƙahwa ta ba ni da ita. Ke za ki zama ƙahwata."

Na riƙe ta har gindin rumbu. Ta durƙusa da ƙyar, ta zuba gumbar a ƙasa, ta kira mutanen gidan da suka riga mu, ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan mijinta, wanda ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ta ce "kai ma kana ji." Ta ce musu hannun da zai buɗe nata ne, in da laifi a kanta, kada a taɓa uwar yara. Na kafa tsani na hau. Na ture jinka, na sa ƙotar fartanya na fasa lakar, na ɗaga murfi.

Wani zafi mai warin ɓera ya bugi fuskata. Na jira idona ya saba da duhu. Na ga ƙasan rumbu, a share. A gefe guda buhunan leda ne a naɗe an ɗaure da igiya, kusa da su wata tsohuwar tasa cike da toka. Shi ke nan.

Iya daga ƙasa ta ce, "Miƙo mini in shinshina."

Na sa ƙotar na janyo buhu ɗaya na sake mata. Ta lalube shi, ta murza a yatsu, ta kai hanci. Ta daɗe tana murzawa.

"Wanga na kasuwa na," ta ce. "Mi ya kai shi ciki?"

Ashe a kan rumbu akwai rezo, ban taɓa sani ba, wa ya taɓa hawa? Ina nan a kan tsani na kira maigida, na buɗe murya yadda Iya za ta ji. Ya ɗauka da fara'arsa.

"Ina zahi?"

Na ce, "Tsaya, ka ji wani abu."

Na zura hannu da salular cikin rumbu, na buga cikinsa da ƙota. Rumbu ya amsa, gum, gum, kamar ganga a gidan bikin da ba kowa. Na sake bugawa don ya ji da kyau, yadda ya bar ni na ji ruwansa da kyau.

Da ya yi magana muryarsa ta zama ta yaro. Ya ce ranar da ake tura mu lambu amalanke ke zuwa ta bayan gida, hatsin ya tafi, da shi yake yin guzurin hanya da na zama kafin ya samu aiki. In zai dawo ya tsaya kasuwar Baleyara ya sayi wani, ya zuba, ya cuɗa na iri da toka, ya kira mu mu zo mu gani an fito da shi. Ya ce bai taɓa fashi ba, ko shekara ɗaya ba mu rasa ba. Ya ce ba shi kaɗai ke yi ba. Ya ce wa ya san za a rufe duniya?

Iya ta ɗaga kai wajen muryar. Tambaya ɗaya ta yi.

"Tun yaushe?"

"Iya..."

"Tun yaushe, ni ce."

"Tun shekarar da Baba yar rasu."

Tsohuwar nan ta zauna daɓas a kan gumbar da ta zuba. Na sauko na kama ta. Ta lalubo hannuna, wanda igiya ta farfasa, ta riƙe shi da nata biyu.

"Ashe ba hannunki ba na," ta ce.

Na fi son ta zage ni da ta faɗi haka. Salular tana ƙasa inda na yar, ba a kashe ba. Can muka ji maigida ta cikinta, a hankali, kamar mai laluben ƙofa: "To... ƙasa ta jiƙa sosai?"

Ba sayar da hatsin ne ya fi ci mini rai ba, har yau. Talauci na sa mutum ya yi abin da ya fi haka. Abin da ban yafe ba shi ne 'yan tiyoyin da na daka ranar salla. Na tambaye shi baki da baki. Kalma ɗaya ta isa, ajiye. Da ita da na shuka rabin gona a ruwan fari. Ya zaɓi ya gaya mini tumatirinsa ya yi fure.

Ranar na bi gida-gida da ƙwarya, ni da ban taɓa roƙon ko gishiri ba, ina karɓar abin da ya rage a gindin ƙoren mutane, nan tafi ɗaya, can rabin tafi. Kafin in tara abin kirki danshi ya tafi. Ruwa na biyu ya yi nisa. Muka shuka ɗan gefen gona a makare, ya fito siriri, damina ta ɗauke yana cikin fure. Sauran gonar ƙarangiya ta gaje ta. Hatsin maƙwabta ya fi mutum tsawo, muna ratsawa ta ciki mu je tsinkar tafasa. Muka ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya saki, kuma ba ya saki duka. Akuyata ta tafi kasuwa ba ta dawo ba, 'yarta ta bi ta.

Iya ba ta sake cewa komai game da fura ba, ko da aka samu abin damawa. Ta sha ta ce sannu. Na yi kewar faɗan nan fiye da yadda zan iya faɗa. In ɗanta ya kira na kai mata salula sai ta kau da kai ta ce, "Ki ce mishi zahi lahiya lau." Da sanyin shekarar ta rasu, hanya ba a buɗe ba.

Maigida ya dawo daga baya, da buhu biyu daga Baleyara da ramar jikin da ban san shi da ita ba. Muna zaune tare har yanzu, ina dafa masa, yana ci, da yamma ya dubi gabas ya ce kamar za a yi ruwa, in ce kamar. Iri kuwa yana cikin tulu a ƙarƙashin gadona, ni nake zubawa, ni nake liƙewa. Tsani yana jingine a jikin rumbu rani da damina, ba wanda ya ce in ɗauke.

Biba tana gidan a shekarar, ta ci anzar, amma ta ɗauka rufe hanya ne kawai ya ci mu, don ban taɓa ba ta labarin ubanta ba. Shekaranjiya ma ban ba ta ba. Na dai bar ta ta gama murmushinta, na ce, "Mijin naki, da zai tahi, ya liƙe rumbu?"

Ta ce, "Ya liƙe, Inna. Ya ce kada kowa ya taɓa sai ya zo."

Na dubi gabas, hadari yana haɗuwa. Na tashi na ɗauko mata mayafinta da ƙotar fartanya.

Ta ce, "Inna, ai kwana biyu niz zo yi."

Na ce, "Tashi ki tahi tun ƙasa ba ta jiƙa ba."